Ƙusar da Renzo Pavan Ya Ƙi Sakawa

Gidan Renzo Pavan shi ne na ƙarshe a Barrigal, can saman tudu inda iska ta hana itatuwa tsawo. Tsakanin ƙofarsa da kwalta akwai wata 'yar hanya ta ƙasa da tsakuwa, mai lanƙwasa biyu, wadda ba ta kai rabin kilomita ba. Idan dusar ƙanƙara ta sauka, motar ƙaramar hukuma takan share kwalta ta wuce, ba ta leƙa hanyar gidan kowa. Haka abin yake tun asali, kuma ba mai ƙorafi. Abin da ke tsakanin ƙofarka da kwalta naka ne, kai ka san yadda za ka yi da shi.

Renzo ya zo Ostareliya yana saurayi, daga wani ƙauye na arewacin Italiya, a zamanin da ake fasa duwatsun nan ana haƙa ramuka don a karkatar da koguna zuwa madatsun ruwa. Gyaran injunan haƙa shi ne aikinsa. Ya yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa, ya fito da kunne ɗaya a toshe da wani tari da bai taɓa barinsa ba. Da aiki ya ƙare aka tashi sansanin, abokansa suka gangara Sydney da Melbourne, wasu suka koma gida. Shi kuwa ya sayi ɗaya daga cikin ɗakunan katako na ma'aikata, ya kwance shi, ya hau da shi tudu, ya sake haɗawa da hannunsa. Nan ya kawo matarsa Ines, nan aka haifi 'yarsu Marisa, nan kuma Ines ta rasu, a ɗakin da tagarsa ke kallon gabas. Sauran rayuwarsa ƙananan ayyuka ne: gyaran famfo, walda, duba janareton gidajen saukar masu zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara. Bai tara komai ba, bai kuma taɓa roƙon kowa ba.

Yana da injin kwashe ƙanƙara, a gwanjon kayan sansani ya saye shi. Ƙirar Kanada ne, mai nauyin ɗan maraƙi, irin wanda ake riƙe hannayensa biyu ana bin sa a baya. A gabansa akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa da suke kira haƙora, shi ke cin ƙanƙarar ya tura ta cikin bututu, bututun ya watsa ta gefe. Shekara ashirin da ɗoriya Renzo ne ke buɗe hanyarsa da ta maƙwabta da wannan inji. Ba a biyansa, don a Barrigal biyan maƙwabci zagi ne. Sai dai ya fito da safe ya tarar da cinyar rago a rataye a baranda, ko kifi a naɗe cikin jarida, ko tulin itace a bayan rumfa, kuma ba wanda zai ce shi ya kawo. Wanda duk ya ƙwanƙwasa ƙofa don a ga kyautarsa, godiya yake nema, kuma za a daɗe ana yi da shi.

Daga baya wani mutum ya tare a ƙauyen da tarakta, yana gama aikin yini guda kafin a sauke karin kumallo. Renzo ya tura injinsa ƙuryar rumfa, ya rufe da tamfol, ya ce ya huta. Aka yi shekaru a haka. Ana nan sai mai taraktar ya sayar da gidansa ya koma bakin teku, kuma a sanyin da ya biyo baya ne zuciyar Renzo ta yi masa gardama. Motar asibiti ta tsaya a kwalta, ma'aikata suka hau da ƙafa suka sauko da shi a kan gado, suna zamewa suna zage-zage. Likita ya ɗora shi kan maganin tsinka jini, ya ce daga yanzu dole nas ta riƙa zuwa gida a kai a kai tana duba shi.

Marisa, wadda ke aikin ofis a Canberra, ta zo hutun Ista. Ta bari sai da ya juye polenta, tuwon masarar Italiya, a kan katako ya yanka da zare, sannan ta yi magana.

"Papa, ba faɗa na zo yi ba."

"To me kika zo yi? Ba ki taɓa ƙona mai tun daga Canberra don polenta kawai ba."

"Na je na ga wani ɗaki a gidan tsofaffi a Cooma. Da ɗumi, da taga babba, ga asibiti kusa. Na lokacin sanyi kaɗai. Ƙanƙara na narkewa ka dawo."

Renzo ya juyo mata da kunnensa mai ji. "Na lokacin sanyi kaɗai. Haka aka ce wa matar maƙwabcinmu Doyle. Haka aka ce wa Arne."

"Arne tsufa ne ya kama shi."

"Arne na girme shi. Ya dawo kam, ban musa ba. A cikin 'yar tukunya ya dawo, ɗansa ya watsa tokar gawarsa a bayan coci, iska ta maido rabinsa kan rigata."

"Papa!"

"Ci abincinki, yarinya."

Arne tsohon abokin aikinsa ne na rami. Renzo ya taɓa ziyartarsa a Cooma, ya tarar da mutumin da a da yake ɗaukar ganga shi kaɗai yana zaune da tawul a wuya, ana buga masa balan-balan yana mayarwa. Bai sake zuwa ba, bai kuma faɗa wa kowa dalili ba.

Marisa ba ta ci abincin ba. Ta ce ta yi magana da masu tarakta na Jindabyne, duk gidajen baƙi sun riƙe su, ranar da aka fi buƙatarsu ba sa hawowa Barrigal sai sun gama da can. Motar nas kuwa ba ta hawa tudu cikin ƙanƙara.

"Ni zan buɗe hanyar," in ji shi.

"Da me? Da cokali?"

"Da injina."

Ta yi dariya, sai ta ga shi bai yi ba. Sannan ta ce, "To shi ke nan. Duk ranar da nas za ta zo, motarta ta iso ƙofar nan. Ranar da ta kasa, kar sai na roƙe ka, ka haɗa kayanka."

Ya miƙa mata hannu kamar yadda ake yi wa namiji bayan ciniki, ta karɓa. Ita a zatonta injin ba zai taɓa tashi ba. Shi ma ya san abin da take zato ke nan.

Des Kinnane ne ya taya shi jawo injin fili. Des maƙwabcinsa ne na ƙasa, tsohon makiyayin shanu wanda yanzu yankan itacen wuta ya rage masa, kuma shekara hamsin ke nan suna zagin juna ba su gaji ba. Da suka yaye tamfol, ɓeraye suka watse ta ko'ina.

"Kai, ɗan Italiya, ka tashi bayin Allah daga gidansu," in ji Des. "Su ma ka nema musu ɗaki a Cooma."

"Riƙe can, makiyayi, ka rage surutu. Ba saniya ba ce, ba a ja ta wutsiya."

"Da saniya ce da tuni na harbe ta, don tausayi."

Tayoyi sun tsage. Tsatsa ta cinye gindin bututu. Fetur ɗin da aka manta a tanki ya zama danƙo, ɓeraye sun tauna wayoyi sun yi sheƙa a cikin murfin inji. Renzo ya shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa, ya kwance injin gaba ɗaya, ya ajiye kowane noti kusa da abin da ya fito daga jikinsa. Ya jiƙa kafireta cikin kananzir, ya bi ramukanta da siririyar waya. Ya yanko ƙarfe daga wata tsohuwar ganga, ya lanƙwasa, ya yi wa bututu faci da walda. Bel ɗin da ya dace babu shi a kasuwa, kamfanin ma ya daɗe da mutuwa, sai da Des ya kai shi wurin wani mai tara tsofaffin injunan gona a Adaminaby, suka yini suna tono, suka samo na injin yankan ciyawa da ya yi daidai. Giyabos kaɗai ya buɗe ya tarar lafiya lau, wato ɗan akwatin ƙarfen da ke tsakiyar haƙoran yana juya su. Ya wanke shi, ya cika shi da sabon mai, ya daɗe yana shafa shi da tsumma. Shi ne abu ɗaya a jikin injin da ba zai iya ƙerawa ba, ba kuma zai same shi a ƙasar nan ba.

Aikin ya ci masa watan Afrilu duka. Yakan manta da abinci, sai Des ya shigo da fanken nama guda biyu a takarda ya ajiye masa ɗaya a kan taya, yana cewa kare ya ƙi ci ne shi ya sa. Ranar da injin ya tashi, ya yi tari, ya yi aman baƙin hayaƙi, karen Des ya ruga bai tsaya ba sai gida. Daga nan sautin ya daidaita. Renzo ya tsaya riƙe da hannayen injin, girgizar tana bin kafaɗunsa. Washegari ya yi masa jan fenti.

Saura ƙusa. Duk wanda ya taɓa bin irin wannan inji ya san zancenta. Ba a ɗaure haƙoran a jikin sandar da ke juya su da ƙarfe mai ƙarfi. Wani ɗan ƙarfe mai taushi ake soka musu da gangan, don idan haƙoran suka ci karo da dutse, shi ya karye, giyabos ya tsira. Na kamfani sun ƙare tun da daɗewa, mutanen Barrigal suka koma ƙusa 'yar inci shida, a soka a lanƙwasa bakinta. Ko a ranar sa'a takan karye. Sai ka kashe inji, ka durƙusa cikin ƙanƙara, ka cire safar hannu, ka daidaita ramukan, ka buge guntun da ya maƙale, ka soka sabuwa. A da Renzo yana yin wannan da sigari a baki.

Wata safiya a farkon Mayu, raɓa ta daskare a kan ciyawa, ya fitar da injin waje don ya gwada kansa. Ya cire safar hannu, ya jira sanyi ya shiga yatsunsa yadda zai shiga a Yuli, tsakiyar sanyin ƙasar nan, sannan ya durƙusa. Ƙusar ta faɗi daga hannunsa. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi sun karkace. A ɗumin rumfa suna yi masa biyayya ko da a hankali ne, amma a waje sai suka zama kamar na wani. Da ƙyar ya soka ta, guduma ta goce ta daki babban yatsa, jini ya yi ta zuba ya ƙi tsayawa saboda maganin likita. Da ya zo tashi, gwiwoyi suka ƙi. Sai da ya ja jiki ya kama hannun injin sannan ya miƙe.

Ya koma ɗaki ya ɗaure yatsan, ya zauna har kofinsa ya huce bai sha ba. Sannan ya je ya buɗe akwatin kayan aikinsa na zamanin rami, ya zaɓo wani dogon noti na baƙin ƙarfe, irin wanda ake ɗaure injin fasa dutse da shi. Ya soka shi a gurbin ƙusa ya ɗaure tam.

Des ya gani tun kafin ya gama shigowa rumfar.

"Mene ne wancan?"

"Noti ne. Ba ku da shi a wajen shanu?"

"Renzo." Des bai cika kiran sunansa ba. "Kai da bakinka ka kira Arne jaki a gaban mutane kan wannan abin. Har yau ina jin muryarka."

"Arne jaki ne. Shi bai sani ba ya yi. Ni na sani."

"To ai naka ya fi muni."

Renzo ya ɗaga hannayensa biyu ya buɗe su a gaban fuskar Des, da tsumman da jini ya rina. "Idan ƙusa ta karye a tsakiyar hanya, wa zai canza? Kai? Kafin ka gama neman haƙoranka na roba ka hau tudun nan, nas ta juya."

"In wannan ya ci dutse fa?"

"Ba zai ci ba. Ba zan bar masa dutsen da zai ci ba."

"Marisa ta sani?"

"Ranar da ka faɗa mata, ranar ka daina shan kofi a gidan nan."

"Kofin naka mai kama da man inji. Wa ya yi asara?"

Amma bai faɗa mata ba.

Ragowar watan Mayu a kan hanya Renzo ya yi shi, da manjagara da bokiti. Ya bi ta daga ƙofa har kwalta, duk dutsen da ya kai ƙwai ya tsince. Manyan da suka leƙo daga ƙasa ya tone su da sandar ƙarfe ya gangara da su rafi. Ya sa Des ya sare rassan da suka rataya, kada nauyin ƙanƙara ya karyo su. Ya kafa sanduna masu jan kai dama da hagu. A lanƙwasa ta farko wata dabbar daji da ake kira wombat ta yi rami a jikin gangare tana turo duwatsu, Renzo ya kewaye bakin ramin da raga, dabbar ta tone ta ƙasa, ya sake kewayewa, suka yi ta yi har ta gaji ta canza ƙofa. Kullum kafin rana ta faɗi sai ya sake bin hanyar, kansa a sunkuye. Masu wucewa ta kwalta suna rage gudu su kalle shi.

"Saura kafet," in ji Des ta tagar mota. "Ko Paparoma ne zai zo ba ka faɗa mana ba?"

Ƙanƙarar farko ta sauka a tsakiyar Yuni, ba ta wuce idon sawu ba. Injin ya tashi ba gardama. Renzo ya bi shi har kwalta ya dawo, bututu na watsa fari kan itatuwa, ya sake komawa don ya faɗaɗa. Nas ɗin, wata doguwar mace mai suna Bronwyn, ta kawo motarta har bakin baranda, ta fito tana waiwayen hanya.

"Mista Pavan, hanyarka ta fi ta asibitinmu kyau."

"Ki faɗa wa 'yata. Ki ɗaga murya, ita ma kunnenta ɗaya ke ji."

Ta biyu ma haka aka yi, ta uku ma haka. Yakan dawo numfashinsa na fita da ƙyar, ya zauna a matakala har ƙirjin ya lafa, ya wanke fuska kafin nas ta iso. Marisa ta daina ambaton Cooma a waya.

A ƙarshen Yuli rediyo ya ce babba na tafe. Renzo ya bi hanyarsa da rana tsaka, bai sami ko tsakuwa ba, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya kishingiɗa a kujera da kunnensa mai ji a kan matashi. Don haka bai ji motar Des ba. Des ya lura itacen tsohon ya yi ƙasa, ya loda akori-kurarsa har ta yi tozo, ya hau da yamma ƙanƙara ta fara sauka, ya juye a bayan rumfa, ya juya bai ƙwanƙwasa ba. A hawansa, a lanƙwasa ta biyu inda hanya ke da gargada, gungume ɗaya ya gangaro daga saman lodi ya kwanta a gefe, cikin sandunan masu jan kai. Des bai ji ba, a saukowarsa ma bai gani ba. Kafin gari ya waye ƙanƙara ta kai gwiwa ta rufe komai.

Ranar kuwa ranar zuwan nas ce. Ƙanƙarar jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, injin yana nishi amma yana ci. Renzo ya bi shi a hankali, yana tura shi kaɗan yana ja da baya. Ya shiga lanƙwasar ke nan sai ya ji ƙara kamar an daki ƙararrawa da guduma. Hannayen injin suka fizge, suka yar da shi a gefe. Da ya ɗago, injin yana ta kuka amma haƙoran sun tsaya, baƙin mai yana ɗiga a kan fari.

Ya ja jiki ya kashe shi, ya tona da hannu. Giyabos ya tsage gida biyu. Notin yana nan garau, ko lanƙwasa bai yi ba. A tsakanin haƙoran ga gungumen jan itace a maƙale, sabon yanka, bakinsa a karkace. Renzo ya san yankan. Ya daɗe yana yi wa Des dariya cewa bai taɓa iya yanka itace a miƙe ba.

Ya koma gida ya ɗauko shebur. Abin da ya iya sharewa bai kai tsawon mota uku ba. Bronwyn ta ajiye motarta a kwalta ta hau da ƙafa, ta same shi a zaune a kan injin, shebur a kan cinya, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓe shi, ta sa kafaɗa ta kai shi gida.

"Kar ki kira ta," in ji shi, da ya sami numfashi.

"Aikina ne, Mista Pavan. Ka yi haƙuri."

Marisa ta iso washegari, tana bin bayan wata tarakta da ta samo daga Jindabyne. Kafin buta ta tafasa taraktar ta buɗe hanyar, ta kewaye jan injin ta bar shi a inda ya mutu. A nan su ukun suka haɗu. Des yana tsaye da hularsa a hannu, da alama bai yi barci ba.

"Laifina ne, Marisa. Itacena ne. Ki bar shi a gidansa, ni zan riƙa hawowa da shebur."

"Kai ɗin shekararka nawa, Kawu Des?"

Ta sunkuya ta leƙa cikin haƙoran. A gidan nan ta girma, ta san gungume ƙusa yake karyawa, ba giyabos ba. Ta share ƙanƙara da yatsa, ta ga kan baƙin notin.

"Ina ƙusar?"

Ta miƙe ta juyo wajen mahaifinta.

"Papa, ina ƙusar?"

"Babu."

"Kai ka sa wannan?"

"Ni na sa."

Ta juya wajen Des. "Ka sani?"

Des ya yi ta juya hularsa. "Tun Mayu."

"Tun Mayu. Ku biyu. Da Bronwyn ta juya daga kwalta fa? Da na zo na same shi a daskare a kan wannan abin, me za ka ce mini? Ka kawo masa itace?"

"Nas ta iso ƙofa," in ji Renzo.

"Da ƙafa, tana jan ka. Mota muka ce."

"Sau ɗaya ne, Marisa."

"Sau ɗaya muka ce. Kai ka miƙo hannu, ba ni ba."

Ya kalle ta, ya ga hawaye a idonta, ya kuma ga ba za su canza komai ba. Ya hau gida ya haɗa akwati ɗaya: kaya, magani, hoton Ines, tukunyar kofi. Ya zagaya ya rufe famfon ruwa ya tsiyaye bututai don kada su fashe, kamar yadda mai niyyar dawowa yake yi. Ta bayan rumfa ya bi, ya ga tulin itacen da Des ya jera, isasshe har ƙarshen sanyi.

Da ya shiga mota, Des ya matso ya dafa taga.

"Ɗan Italiya, da na san..."

"Shekara hamsin kana surutu a kunnena, makiyayi. Rana ɗaya da nake buƙatar jin motsinka, sai ka zo kamar ɓarawo."

Su duka biyun sun san haka ake kawo itace a Barrigal, kuma da ya ƙwanƙwasa, Renzo ne zai fara yi masa gori. Renzo ya ɗaga gilashi.

Ɗakin na Cooma da ɗumi kamar yadda aka faɗa, tagar ma babba ce, tana kallon wurin ajiye motoci. Ƙanƙara ta narke a Oktoba. Likita ya ce sheburin nan ya ƙara raunana zuciyar, a ɗan dakata tukuna. Marisa ta ba wasu ma'aikatan gidan baƙi hayar gidan, ta ce kafin a ga yadda hali zai yi, don kada ya lalace ba kowa a ciki. Tana zuwa kowace Lahadi, suna hira kan yanayi da cunkoson hanya. Aka karɓe tukunyar kofin saboda dokar wuta, aka ce akwai injin kofi a falo.

Des kuwa ya shiga ɗakin karatu na gari, inda bai taɓa sa ƙafa ba, ya sami matar da ke kula da wurin ta taya shi bincike a kwamfuta. Suka yi ta aika saƙo har suka dace da wani tsoho a Manitoba ta Kanada mai irin injin a bayan gida. Ƙunshin giyabos ɗin ya iso gab da Kirsimeti, ana tsananin zafi. Des ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tuƙo har Cooma, ya fito da kwalin rungume a ƙirji.

Renzo yana zaune a bakin taga, ya gan shi tun yana gyara fakin. Ya kira ma'aikaciya ya ce idan wancan mutumin ya shigo a ce masa yana barci. Des ma ya gan shi ta gilashi, ya tallabe kwalin da hannu ɗaya ya ɗaga ɗayan. Renzo bai motsa ba. Des ya shiga, aka faɗa masa abin da aka ce a faɗa, ya ce to, ya ajiye kwalin a kan tebur ya tafi.

Aka kawo kwalin ɗaki. Renzo ya karanta sunan ƙasar da ke jiki, ya ɗaga shi kaɗan ya ji nauyinsa, ya tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Yana nan har yanzu da igiyarsa. Matar da ke share ɗakin ta gaji da tuntuɓe da shi, ta tambaye shi ko a buɗe ne ko a fitar. Ya ce a bar shi inda yake.